Ta-Kowa da Gonar Hanyar Salka

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka Abuja lafiya, ka sami masauki mai kwanciyar hankali, ka kuma fara gane kan wurin aikin. Allah ya tsare min kai a hanya da cikin gari, ya haɗa ka da abokan zama nagari, ya raba ka da sharrin ƙarfe da na mutum. Ummanka tana gaishe ka, ta ce in gaya maka akwai ƙullin yaji a can ƙasan jakarka, don ta san halinka, sai ya yi wata uku ba ka gan shi ba. Ƙannenka duk suna nan lafiya.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna alhali ga waya. To, ka san ni da waya. In na fara magana sai murya ta hau, in murya ta hau sai in manta abin da na kira in faɗa. Takarda kuwa ba ta katse ni, ni ma ba na iya yi mata tsawa. Saboda haka ka nemi wuri ka zauna, maganar tana da tsawo.

Ranar da muka raka ka tasha, ana ɗaure kaya a bayan mota, ka zaro takardar gonar hanyar Salka daga aljihunka ka miƙo min, ka ce, "Baba, a ajiye min wannan. Na fasa sayarwa." Ni kuma na karɓa na ce, "To, madalla," kamar goro ka ba ni. Wallahi Abba, ba haka abin yake a cikina ba. Daɗi ne ya rufe ni, har na dafa ƙofar motar. Wata biyu cur ina kwana ina tashi da maganar gonar nan a ƙirjina, tun ranar da ka ce za ka sayar da ita ka sayi mota mai amfani da lantarki, ka riƙa zuwa aiki da ita kana kuma ɗan yin haya a ranakun hutu. Dillali ya kawo mai saye sau biyu, na gan su da idona suna taka iyakarta. Gonar taka ce, ni na ba ka ita halak malak ranar da ka gama karatu, ba ni da ikon hana ka. Amma ita kaɗai ta rage cikin gonaki uku da mahaifina ya bar min, mutumin da kake ɗauke da sunansa. Da ta tafi, da babu sauran inda wani ɗan gidan nan zai tsaya ya ce nan kakana ya yi noma.

Sannan ka yi min wata tambaya, ƙafarka ɗaya a cikin mota. Ka ce, "Baba, wai da gaske fari ne ya sa aka sayar da sauran biyun?" Direba ya danna oda, na ce ka shiga kada a bar ka. Na ji daɗin odar nan, ba zan ɓoye maka ba. To ga amsarka yau: ba fari ba ne. Mota ce ta cinye su. Wannan gawar a-kori-kurar da ka tashi ka gani a bayan gida, wadda kajin Ummanka ke ƙwai a ƙarƙashin kujerarta, ita ce ta ci gonar hanyar Auna, ta kuma ci ta bakin rafi. Zan faɗa maka yadda aka yi, ba don in wanke kaina ba, don dai kada ka sayi wautar da na riga na biya maka kuɗinta.

Lokacin ina malamin gona a ƙaramar hukuma, ina ɗan taɓa sayen hatsi ranar kasuwar Salka da ta Auna. Kullum ina faɗa da direbobi a kan kuɗin ɗaukar buhu. Wata rana wani ya sauke min masara a bakin hanya saboda ya sami wanda ya fi ni biya, na yi rantsuwa a gaban jama'a sai na sayi tawa. Ka ga kuskuren farko tun daga nan: da fushi na sayi mota, ba da tunani ba. Na sayar da gonar hanyar Auna, na tafi Kaduna, na dawo da a-kori-kura mai shan dizal. Mai sayarwa ya ce min, "Alhaji, wannan ai shaƙar mai take yi, ba sha ba. Ka cika tanki ka manta." Ko Makka ban je ba lokacin, amma da ya ce Alhaji sai kaina ya ƙara girma. Tambaya ɗaya na yi masa, nawa ce. Ban tambayi nawa take ci ba.

Kuma bai yi ƙarya duka ba, ka ji inda abin yake da haɗari. Dizal yana da auki, a zamanin ma ya fi fetur sauƙi. Abin da bai faɗa ba shi ne tanki baki ɗaya ne kawai cikin bakunan mota. Akwai juyen baƙin mai, akwai filta, akwai taya da hanyoyinmu ke yanka kamar da gayya, akwai batir, akwai birki, akwai takardun da ake sabuntawa, akwai na shan ruwan masu tare hanya. Kowanne yana zuwa a ranarsa, kuma ba sa shawara da juna, sai su haɗu a mako guda. Daga baya shi kansa dizal ɗin ya tashi sama ya bar fetur a ƙasa, ya bar ni da baki buɗe. Don haka duk ranar da za ka sayi mota, ko ta lantarki ko ta dizal ko ta ruwan rijiya, kada ka tsaya a kan mai sayarwa. Ka nemi wanda ya riƙe irinta shekara uku, ka saya masa shayi, ka bar shi ya yi ta ƙorafi. A cikin ƙorafin nan za ka ji ainihin kuɗinta.

Kuskure na biyu rowa ce, wadda na ɗauka wayo ce. Da mai ya fara tsada sai na daina shiga gidan mai, na koma wurin 'yan bumburutu na bakin hanya. Garba bakanike, wanda ka sani, mai gareji a bayan kasuwa, ya ja min kunne. Ya ce, "Malam, injin dizal ba ya yafe mugun mai. Na fetur zai yi tari ya wuce, wannan kuwa riƙewa yake yi a zuci." Na ce masa ya ji da sifanarsa, ni na san hancina, ina shinshina mai in gane na kirki. Kai jama'a! Wai ni mai hanci.

Wata ranar kasuwar Salka, farkon kaka, ruwan ƙarshe bai gama ɗaukewa ba, na loda wake har sama. Na sayi mai jarka biyu a hannun wani mutum da ban taɓa gani ba, saboda ya rage min abin da bai kai kuɗin tuwon rana ba. Ashe rabinsa kananzir ne da ruwa. Ba mu yi nisa ba mota ta fara shaƙewa, ta yi wani farin hayaƙi, ta tsaya cak a tsakiyar hanya. Ina buɗe gaba ina leƙe-leƙen abin da ban sani ba, sai hadari ya taso. Tamfol ɗina kuwa na ba da aro, ban ma tuna wa na ba. Ina tsaye ina kallo ruwa ya jiƙa waken nan tas. Da aka janyo motar gari, Garba ya kwance famfon mai da nozul ya jera min a kan buhu, sannan ya taɓa hancinsa. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Araha ba ta ado, Abba. Abin da kake zuba wa inji, da wanda kake bari ya taɓa shi, nan ne wurin da ba a neman ragi.

Yanzu bari in zo kan motarka ta lantarki, don akwai hakkinka a kaina. Ranar da ka fara kawo maganar na daka maka tsawa, na ce motar wasan yara ce, na ce wane mai hankali ne zai hau abin da ake yi wa caji kamar tocila. Ban kyauta ba. Ba motar nake wa faɗa ba, tsoro ne ya kama ni, ni kuma tsorona da tsawa yake fita. Bayan kwana biyu na saci jiki na je wurin Garba, na ce ya gaya min gaskiya tsakaninsa da Allah. Ya yi dariya ya ce, "Malam, yaron nan bai yi ƙarya ba. Ba ta da baƙin mai, ba filta, ba nozul, ba famfo, ba salansa. Duk abubuwan da na ci abinci da su a jikinka, ita ba ta da su. Da kowa zai saye ta, da mu mun koma gona." Ka ga, a nan kai ne da gaskiya. Inda wuta take zaune, abin da za ka kashe a caji ba zai kama ƙafar abin da dizal ke ci ba. Na yarda, na kuma rubuta da hannuna don ka ajiye shaida, tunda ka san ba kullum nake yarda ba.

Amma Garba bai tsaya nan ba. Ya ce, "Sai dai ni in ban ji ƙarar inji ba, ba na sanin ciwon mota. Wannan da ba ta magana, ta ina zan tambaye ta? In ta kwanta maka a Kontagora sai dai a ɗora ta a kan wata motar a mai da ita inda ta fito, kuma wadda za ta ɗauke ta dizal take sha." Ya ce batirinta shi ne ranta, a ƙarƙashinta yake shimfiɗe, daidai inda ramukan hanyarmu suke gaisawa da mota. Ranar da ya gaji, ba irin batirin da ake ɗauka a hannu a kai caji ba ne, sayensa kamar sayen rabin motar ne. Sannan ga wutar tamu da ka sani, wadda in ta zo yara ke ihu kamar an yi haihuwa. In ka zo gida hutu aka yi kwana huɗu babu ita fa? Sai ka tayar da janareta ka ɗura masa mai don ka ciyar da motar da ba ta shan mai. In ka ce sola za ka kafa, wannan ma wata gonar ce za ta tafi. Taya kuwa da takardu da masu tare hanya, ba ruwansu da abin da mota take sha. Ban ce kada ka saya ba. Na ce kowace mota tana da bakin da take ɓoyewa ranar ciniki. Ta dizal tana cin ka kaɗan-kaɗan kullum, ta lantarki tana iya yi maka shiru shekaru sannan ta buɗe baki sau ɗaya. Ka tanadi abin ranar tun kana jin daɗin shirun.

Kuskure na uku shi ne babba, kuma babu bakaniken da ke gyara shi. Ka san sunan da mutanen unguwa suka sa wa motar nan? Ta-Kowa. Ni har daɗin sunan nake ji, ina ganin yabo ne. Ka san yadda muke a garin nan. Mutum ba zai ce ka ba shi haya ba, a'a, sai ya zo da sassafe ya gaishe ka, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Dama motar gida na ce ko tana nan." Motar gida! Da zarar an kira ta haka, maganar mai ta mutu, don wa zai karɓi kuɗi a hannun ɗan'uwa? Ta kai kayan ɗakin amare, ta kai gawa maƙabarta, ta kai awaki kasuwa, ta kwaso itacen suna, ta ɗauko yashin ginin masallaci. A fita da ita tanki cike, a dawo min da ita allura tana kwance, a miƙo makulli a ce, "Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara arziki." In ce amin, in shiga ɗaki in yi ta huci a kan Ummanka da ba ta ci ba ba ta sha ba. Addu'a abu ce mai kyau, amma ban taɓa ganin gidan man da ke karɓarta ba.

Ba na nadamar gawa da mara lafiya, waɗannan ko yau aka zo zan bayar, Allah ya karɓa. Abin da nake nadama shi ne ban taɓa iya cewa a'a ba, ko in ce a zuba mai, saboda kada a ce Malam ya yi mota ya canza. Yayata, Gwaggonka Asabe, ita ce shugabar masu aro. Ba ta ma tambaya, aike take yi a faɗa min ranar da za a zo ɗauka.

Ranar da aka haifi ƙanwarka Maryam, kana aji biyu na firamare, kana makaranta. Da safe Gwaggonka ta aiko a kai kayan ɗakin wata 'yar dangin mijinta can garin Kasuwan Garba, lokacin hanyar lafiya lau ake bin ta. Ummanka ta ce min, "Malam, yau jikina ba daidai yake ba, da ka bar motar a gida." Na ce ai an riga an sa rana, in na hana me Yaya za ta ce? Na ba da makulli. Rana na take tsaka naƙuda ta taso gadan-gadan, kuma ta zo da gardama, ungozoma ta ce maza a yi asibiti. Abba, ni mai mota, na fita titi da gudu ba hula, ina ɗaga wa motocin mutane hannu. Uku suka wuce ni. Ta huɗu ta wani mai ɗaukar albasa ce, Allah ya yi masa albarka duk inda yake, ya sauke ɗan'uwansa daga gaba aka sa Ummanka. Ni na hau baya kan buhuna ina ta salati. Likita ta ce da mun ƙara jinkiri da labarin ya canza.

Allah ya sauke ta lafiya. Da na shiga ganin ta, ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Ta dube ni kawai ta ce, "Malam, motar nan ta kowa ce. Mu ne kaɗai ba mu da mota." Shekara nawa yanzu, maganar nan ba ta bar kunnena ba. Da yamma aka dawo da Ta-Kowa, tanki a bushe, madubi ɗaya a karye, aka ce Allah ya ƙara arziki. Kuma ka san abin kunya? Na ce amin.

Shi ya sa ranar da Gwaggonka ta zo yi maka sallama, kwana uku kafin tafiyarka, na zuba maka ido. Ka tuna? Ta baje a tabarma ta ce, "Abba, an ce min motar da za ka saya ba ta shan mai ko ɗigo? Kai, alhamdulillahi! To bikin 'yar wajen Larai bayan salla ne, ga ganin likita da nake zuwa Minna, ga Kawunka da ke son a kai shi gaisuwar mutuwa Auna. Tunda ba mai za a zuba ba, ai ba wanda aka ɗora wa nauyi." Ummanka tana madafa ta yi dariya har ta sarƙe. Motar da ba a saya ba, ko launinta ba a sani ba, an riga an raba mata ranaku! Na ga yadda fuskarka ta yi. Ban sani ba ko wannan ne ya sa ka fasa, ko Ummanka ce ta yi maka wata magana a bayan idona, don na tambaye ta ta ce in tambayi kajinta. Ko ma mene ne, Gwaggonka ta yi min aikin da tsawata ta kasa, kuma har gobe ba ta san ta yi ba. Na aika mata da kwanon shinkafa, tana ta mamakin dalili.

To ka riƙe wannan da kyau. Ni da ake ganin ina sayen mai ma ba a tausaya min ba, ina ga kai da za a ce taka iska take sha? Ba za su ga taya tana cinyewa ba, ba za su ga batir yana tsufa ba. Kada ka yanke zumunci saboda ƙarfe, Allah ya kiyaye. Amma ka sa ƙa'ida tun ranar farko, kafin a saba: mara lafiya da gawa, ko ina za ka kai, biki da kasuwa, mai buƙata ya ɗauki nauyi, makulli kuma ba ya barin hannunka. Za a yi gunaguni wata guda, a ce ɗan Malam ya shiga Abuja ya zama Bature. Bar su. Gunagunin wata guda ya fi abin da na gani a titi ranar nan. Kuma duk ranar da matarka ta ce maka a bar mota a gida, ka bar ta, ko Sarki ne ya aiko.

Kuskure na ƙarshe shi ne wanda na fi jin nauyin faɗa. Bayan duk wannan wahala injin ya buga. Garba ya ce min, "Malam, ka rabu da ita haka nan. Ka sayar a yadda take, ka huta." Ummanka ma ta faɗa. Amma ina! Ina tunanin abin da na riga na zuba a cikinta, ina tunanin direbobin da na yi wa rantsuwa za su gan ni na dawo ina roƙon su ɗaukar buhu. Na sayar da gonar bakin rafi, wadda ko da rani ba ta rasa ɗanyen ganye, na sayo injin Beljiyam, irin na hannu da ake shigowa da shi. Bai cika shekara biyu ba ya bi ɗan'uwansa. Aka turo ta bayan gida, na ce na ɗan lokaci ne kafin in sami sarari. Ka ga ɗan lokacin da idonka, kai da ka yi wasan direba a cikinta har ka girma.

Da kuka fara wayo kuna tambayar ina gonakin Kaka, sai na ce fari ne. Na ɗora wa Allah da damina laifin da nawa ne, astagfirullah. Ummanka ta rufa min asiri duk shekarun nan, ba ta taɓa ƙaryata ni a gabanku ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ga shi ɗan da na yi wa ita ya kusa maimaita abin da na ɓoye masa, saboda na ɓoye masa. Da na gaya maka gaskiya tun kana sakandare, da ba mu yi wata biyun nan muna gaisawa sama-sama ba. Ka yafe min. Darasin kuma guda biyu ne. Abin da ya ci maka gona ɗaya, kada ka ba shi ta biyu don ya dawo maka da ta farko, ba ya dawowa da ita. Sannan in ka yi wauta, ka faɗa wa 'ya'yanka da bakinka tun da wuri.

Ba na so ka karanta wannan ka ɗauka na hana ka mota har abada. A'a. Ka yi aikinka, ka hau ta haya shekara ɗaya ko biyu, ba wanda hawan bas ya kashe wa daraja. Ka lura da masu irin wadda kake so a can inda wuta ta fi tamu zama, ka ga yadda suke ƙarewa da ita. In albashinka ya kai ya saye ta, ya kuma ciyar da ita ba tare da ka waiwayo gida ba, bismillah, saya, ni ne farkon wanda zai shiga gaba ya gyara hula. Watakila ma zamaninku ya fi namu, a wayi gari ana cajin mota a bakin kasuwar Kontagora, Garba ya koma gona kamar yadda ya faɗa. Abin da na roƙe ka kawai, mota ta fito daga cikin guminka, kada ta fito daga cikin ƙasa. Gona tana ba ka kana barci, mota kuwa ko tana tsaye ci take yi.

Saura labari ɗaya, shi ne ma ya sa na ɗauki biro. Da na dawo daga tasha ranar nan, na sa takardarka a cikin akwatin ƙarfen da nake ajiye ta Kakanka, sai na zaga bayan gida na tsaya a gaban Ta-Kowa. Na ce yaro ya iya fasa abin da ransa ke so, ni tsoho na kasa rabuwa da gawa? Washegari na kira 'yan gwangwan. Suka zo da abin yankan ƙarfe suka yi mata gunduwa-gunduwa, kaji suna ta kururuwa an rushe musu gida. Ummanka ta tsaya a bakin ƙofa da hannu a ƙugu har aka loda guntun ƙarshe, sannan ta ce, "Ikon Allah. Ashe tana iya fita daga gidan nan ba a sayi mai ba." Na so in yi fushi, dariya ta ƙwace min. Rabon da mu yi irin wannan dariyar tare, ni da ita, har na manta.

Abin da suka ba ni ba shi da yawa, amma ko gida ban shiga da shi ba. Na wuce kasuwa na sayi taki, ranar Asabar na kai gonarka na zuba da hannuna. Masarar ta kai gwiwa, ta yi baƙi ƙirin don kyau, in ka gan ta sai ka ce ba a taɓa taka ta da dillali ba. Gona biyu motar nan ta ci, Abba. Na ga dai kafin ta bar duniya ta ciyar da ɗaya.

Abin da ka ji yana motsi a cikin ambulan ɗin nan makullinta ne, shi kaɗai na hana 'yan gwangwan. Ba ya buɗe komai yanzu. Ka ajiye shi, ranar da za ka je cinikin taka motar ka sa shi a aljihu, in mai sayarwa ya fara kiran ka Alhaji ka ɗan taɓa shi.

Allah ya yi maka albarka, ya sa ka fi ni hankali kamar yadda ka riga ka fara. Allah ya kiyaye ka fita da shiga, ya tsare ka a kan hanyar nan in za ka zo, kuma ka taso da wuri, kada ka yarda yamma ta yi maka a daji. Ka riƙe salla, ka ci abinci, ka kira Ummanka ko ba ka kira ni ba. Gonarka tana nan, takardarka tana nan, mu ma muna nan. In Allah ya kai mu kaka, ka zo ka ci gasasshiyar masara a gindin itacen ƙiryar Kakanka da ke cikin gonar, ko a motar haya ka zo, marhabin.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
daga Kontagora.